Shayin Za'afaran da Ramar Halima Sadiya

A nan cikin Keffi, a unguwar Liman Abaji, an yi wani mutum wanda Allah ya ba sanin abu guda, shi kuma ya ɗauka an ba shi sanin komai. Ba zan faɗi sunansa ba. Waɗanda suka san shi sun san shi, waɗanda ba su sani ba kuma ba sunan ne zai amfane su ba. Na san akwai waɗanda ransu zai ɓaci kafin in kai ƙarshe, domin wasunku sun sha shayin nan, wasu ma da ƙafarsu suka kai masa mutane. To, ran ya ɓaci. Ni dai sai na faɗa.

Mahaifinsa malamin zaure ne, mai rubutun sha. Amma shi ba da tawada yake yi a allo ba. Farin tangaran yake ɗauka, ya jiƙa za'afaran a ɗan kofi har ruwan ya koma ruwan ɗorawa, ya tsoma alƙalami ya rubuta ayoyi, a wanke a ba mara lafiya. Za'afaran, ga wanda bai taɓa gani ba, wasu 'yan siraran zarurruka ne jajaye da ake tsinkowa daga cikin furen wani tsiro na ƙasashen gabas. Alhazai ke zuwa da shi a 'yan ƙananan gwangwanaye. Tsohon nan duk wanda ya miƙa wa rubutu sai ya ce masa, "Wannan addu'a ce. Ka sha, ka kuma je asibiti." Shekara arba'in yana wannan aiki, bai taɓa yi wa kowa alkawarin warkewa ba.

A gefen tsohon nan mutumin namu ya tashi. Bai gaji haƙurin uban ba, bai gaji karatunsa ba, amma ya gaji hancinsa da idonsa. Ka kawo masa za'afaran a tafin hannu, ya shinshina, ya jefa zare ɗaya a ruwa, nan take zai gaya maka na gaske ne ko gemun masara ne aka rina. Ku riƙe wannan da kyau, ya 'yan uwa, don kada wani ya tashi daga nan ya ce labarin mai sayar da jabu aka ba shi. Mutumin nan bai taɓa sayar wa kowa jabu ba. Kayansa na gaske ne, kuma abin da ya daɗa kumbura masa kai ke nan.

Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Yayarsa Halima Sadiya, wadda ta girme shi da shekara goma sha ɗaya, ita ta raine shi. Ita ta yi masa wanka, ita ta cire masa ƙaya a ƙafa, ita ke kiransa Auta har ya yi gemu. Ta yi aure a Panda wajen wani malamin firamare, suka zauna shekara ashirin lafiya lau. Sai mijin ya rasu a hatsarin mota a hanyar Gitata. Daga nan Halima Sadiya ta shiga wani hali. Wani lokaci ta daina magana ta daina ci, wani lokaci kuma ta yi kwanaki ba ta runtsa ba, tana cewa mijin na kiranta. Tsohon yana raye a lokacin. Ya ɗauko ta ya dawo da ita gida, ya yi mata rubutu da hannunsa, ya kuma kai ta asibiti da kansa. Likita ya ɗora ta a kan ƙwayoyi iri biyu, ya ce kada a daina sai da izininsa.

Allah ya sa aka dace. Hankalinta ya dawo. Ta koma ɗinkin hula, sana'arta ta da, tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar tsakar gida, zare a baki, tana tsokanar duk wanda ya gifta. Abu ɗaya maganin ya zo da shi, wato ƙiba. Likitan ma ya faɗa tun farko cewa jiki zai iya buɗewa. Cikin shekara huɗu ta kusa ninka yadda take. Ita kam ko a jikinta. In an yi mata magana sai ta ce gara ƙibar da take ɗinki a ciki da ramar da ta yi ba ta san inda kanta yake ba.

Tsohon ya rasu. Gida ya koma hannun mutumin namu, da zaure, da tangaran, da gwangwanayen za'afaran.

Kun san zamanin da muke ciki, kowa da malaminsa a aljihu. Wata rana yana latsa waya ya ci karo da bidiyon wani mai farar riga yana bayani, wai za'afaran na rage kwaɗayin abinci, yana rage ƙiba, yana sa nishaɗi, yana korar damuwa. Ya kalla sau uku. Ya ce ashe arziki tsoho ya zauna a kai shekara arba'in yana wanke shi a tangaran! Ya kuma tuna ya taɓa ji a wajen karatu an ce ƙasar Aljanna za'afaran ce. Ya haɗa wannan da wancan, kafin la'asar ya zama likita.

Ni ban ce za'afaran ba shi da amfani ba. Ana sa shi a abinci, ana sha a shayi, an ce masu bincike ma suna dubawa ko yana ɗan taimaka wa wasu. Wannan aikinsu ne. Ni ba likita ba ne, shi ma ba likita ba ne, sai dai ni na san matsayina.

Ya ajiye alƙalami. Ya samo 'yan ledoji, ya zuba zare bakwai-bakwai da ɗan citta da kanumfari, ya sa aka buga masa takarda: shayin za'afaran, mai narkar da tumbi, mai yaye baƙin ciki. Keffi kuwa cike take da masu neman abin nan biyu. Ga ma'aikatan da ke hawa motar Abuja tun da duku-duku, su yi awa biyu a cunkoson Mararaba, su wuni a kujera, su dawo a gajiye su ci tuwo su kwanta. Tumbi ya fito, zuciya ta ƙuntata. Ga 'yan matan jami'a masu son su shige cikin rigar da ba tasu ba. Ranar Asabar zauren tsoho sai ya koma kamar tasha. Wasu sun ce sun ji daɗinsa, ban kuma ƙaryata su ba. Wanda ya bar lemon kwalba ya koma ruwan zafi ai dole ya ga canji.

Da zauren ya yi kaɗan sai ya mayar da mata cikin gida, suna zama a benci a tsakar gida. Duk wadda za ta shiga kuwa sai ta wuce ta gaban tabarmar Halima Sadiya. Wata Asabar wata hajiya ma'aikaciyar ofis a Abuja, irin masu bakin nan, ta karɓi ledarta, ta dubi mai ɗinki, ta dubi malam.

Ta ce, "Malam, wannan baiwar Allah fa? Ko ita ba ta shan shayin ne?"

Mata suka tuntsire da dariya. Halima Sadiya ma ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ni ai ta tsoho ce, Hajiya, shayin zamani ba ya kama ni."

Shi bai yi dariya ba.  Da yamma kuma wani ya nuna masa abin da ya fi wannan. Ashe wata ta ɗauki hoton yayar tasa a ɓoye, ta tura a wani zauren mata na waya, ta rubuta a ƙasa: ga yayar mai maganin ƙiba. Bai san wadda ta tura ba, amma ya san rabin gari ya gani.

Me ya kamata ya yi, ya 'yan uwa? Ai magana ce gajera. Yayata ba ta da lafiya, tana shan magani. Ko ma ya yi shiru, bayan sati ɗaya kowa ya manta. Amma mai girman kai ba ya iya furta gajerar magana irin wannan.

Washegari da safe ya shiga ɗakinta ya durƙusa ya gaishe ta kamar kullum. Ya ɗauki robar maganinta daga kan taga yana jujjuyawa.

Ya ce, "Yaya, har yaushe za ki yi ta haɗiyar wannan guba? Dubi yadda ta mayar da ke."

Ta ce, "Auta, ajiye mini abina. Baba ne ya kai ni aka ba ni."

"Baba bai san abin da na sani yanzu ba. Ga maganin damuwa a gidan nan, mutanen Abuja na layi a kai, ke kina shan na kamfani. So kike a ce yaron da kika goya maƙaryaci ne?"

Nan ya kama ta. Da ya tsaya a kan cewa don lafiyarta ne, da ba ta yarda ba, domin ta fi shi sanin jikinta. Amma ya ce mata mutuncinsa ne. Matar da ta saba hana cikinta ta ba shi, yaya za ta yi? Sai ta ce, "To, a gwada wata ɗaya. In na ji ba daidai ba ka mayar mini." Ya ce ya yarda. Ya fita da robar, ya juye ƙwayoyin a masai, katin asibitin kuma ya jefa a murhu.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da wata nas mai ritaya, Magdalena, 'yar ƙabilar Mada, wadda ta shekara talatin a unguwar. Ita ke raka Halima Sadiya asibiti duk ƙarshen wata, su dawo a keke mai ƙafa uku suna ɓare gyaɗa. Ranar komawa ta zo, ta yi sallama da laimarta a hannu, aka ce mata yau ba za a je ba. Ta tsaya a zaure sai da ya fito.

Ta ce, "Malam, abeg, ka saurare ni. Wannan magani ba a yanke shi haka kwatsam. Ko likita ne zai cire, kaɗan-kaɗan yake yi. Ka ba ta shayinka, ba wahala, amma ka bar mata maganinta. Ni na ga irin wannan da idona, ba ɗaya ba, ba biyu ba."

Ya yi murmushi. Ya ce, "Mama, ku ai aikinku ke nan, ku ɗora mutum a kan ƙwaya har ya mutu. Mu gidan nan tun kafin a gina asibitinku muke warkar da mutane."

Ta ce, "Babanka bai taɓa faɗin haka ba."

Wannan ta ƙona shi. Ya ce daga yau kada ta ƙara taka masa gida. Matar da ta yi jinyar ubansa har ya cika! Ta fita tana share ido da bakin zane, ta je ta gaya wa limamin unguwa. Liman ya kira shi ya yi masa nasiha a keɓe. Ya saurara har ƙarshe, kai a sunkuye, sannan ya ɗago ya ce, "Allah gafarta Malam, hassada ce kawai. A ba ni wata uku, kowa zai gani da idonsa."

Kuma kowa ya gani, wannan shi ne abin tsoron. Sati biyu, sati uku, Halima Sadiya ta fara sauka. Ta rage cin abinci. Ta zama mai kuzari, ta share gida sau uku a rana, hular da take ɗinkawa a sati ta gama ta a kwana biyu, tana dariya da ƙarfi, tana waƙe-waƙe. Mutumin namu ya ce Allahu akbar, ga rama ga nishaɗi, duka biyun da aka yi alkawari! Shin bai san cewa abin da yake kira nishaɗi ciwon ne yake dawowa ba? Ai shekara huɗu da suka wuce yana gidan, ya ga yadda abin ya fara. Ni ina ganin ya sani, ya dai ƙi kallo ne.

Ranar Asabar ya sa ta a gaban mata, ya ce, "Ina mai tambayar rannan? Ga amsarta." Ya sa ta tashi ta juya, ta nuna yadda zanenta ya yi mata yawa. Aka yi ta tafi, aka ɗauki bidiyo. Layi ya kai har bakin titi, har daga Akwanga da Lafiya ake zuwa.

Da wata ya cika ta same shi a zaure. Ta durƙusa masa, ita da ta girme shi. Ta ce, "Auta, watan ya cika. Ba na barci. Kuma na fara jin muryar nan. Ka ba ni abina."

Ya 'yan uwa, a nan ƙofar tuba ta buɗe masa har bango. Tafiyar minti goma ce a keke tsakaninsa da asibiti. Amma ya hango kansa yana shiga da ita, mutanen Keffi suna kallo, Magdalena ta ji labari, hajiyar Abuja ta ji labari. Ya ce, "Dattin ƙwayar ne ke fita daga jikinki. Ki daure." Ya ƙara mata shayin ya koma kofi huɗu a rana.

A wata na biyu dariyar ta ɗauke. Hular da ta fara ta tsaya a rabi, allura a soke. Ta daina fitowa tsakar gida. In an kai mata tuwo sai a dawo a tarar ƙuda ne ke ci. Matarsa Hauwa'u ta daure ta yi magana, ya ce mata ta zaɓa, ko shi ko maƙwabciya. Masu zuwa Asabar suka tambaya ina Yaya, ya ce ta shiga halwa tana ibada, alhali kwaɗo ya sa wa ɗakin har sai sun watse. Magdalena takan taka bokiti ta leƙo ta katanga tana kira, "Sadiya! Sadiya, kina ji na?" Da ya gane, ya kira magini ya ƙara layin bulo uku a kan katangar.

Wata Juma'a a tsakiyar damina, maza sun tafi masallaci, Hauwa'u na can bayan ɗaki tana kwashe shanya saboda hadari ya taso. Halima Sadiya ta fito ba takalmi, ta bi ta zaure ta fice. Mutane sun gan ta. Mai shago a unguwar Yara ya gan ta, 'yan acaɓa a bakin tasha sun gan ta. Babu wanda ya tare ta, domin babu wanda ya gane ta. Keffi ta san Halima Sadiya mai jiki, mai dariya. Wannan kuwa wata ƙanjamammiyar tsohuwa ce mai tafiya da sauri tana magana ita kaɗai.

Za ku ce yanzu kam jikinsa ya yi sanyi. Ina! Cewa ya yi kurciya aka yi mata, wato sammun da ake wa mutum ya bar gida ya shiga duniya, kuma maƙiyansa ne suka yi don su karya masa sana'a. Yana faɗa yana nuna katangar maƙwabciya da baki. Washegari Asabar ya buɗe zaure ya sayar da shayi.

Tun ranar farko Magdalena ta aiko ta bakin liman. Ta ce a bi hanyar Panda, domin can kabarin mijin yake, kuma muryarsa take ji. Magana ce da ko yaro zai gane gaskiya ce. Amma daga bakin wa ta fito? Saboda wannan kaɗai ya ƙi. Ya kwashi 'yan uwa suka yi Masaka, suka yi Mararaba, suka yi Nyanya, tasha-tasha, kwana takwas. Magdalena da ciwon gwiwarta ta hau mota ta je Panda sau biyu, ta duba maƙabarta da kasuwa, ta bar lambar wayarta a ɗan asibitin garin. Daji ne kawai ba ta iya shiga ba.

A kwana na tara wata Bafillatana mai tallar nono, Asta, ta fito daga ruga za ta shiga gari. Ta hango wani abu kwance a gindin ɗorawa kusa da rafi, ta ɗauka tsumma ne sai da ya motsa. Ta sauke ƙwarya, ta ɗiba mata nono a ludayi, ya ƙi wucewa. Ta ruga ta kira mijinta Ɓoɗejo, suka ɗora ta a mashin, shi a gaba, ita a baya tana riƙe da ita, har ɗan asibitin nan. Can aka tuna da lambar da aka bari. Kafin azahar an dawo da Halima Sadiya babban asibiti a Keffi, ƙafafunta duk sun farfashe.

Likita ya duba ya ce jiki ya bushe, ƙoda ta taɓu, sanyi ya shiga huhu. Ya tambaya, wa ya tsayar mata da maganinta? Mutumin namu ya ce, "Ni ne. Amma ba shi ne dalili ba." Kun san da me ya zo asibitin? Da fulas. Wallahi da fulas ɗin shayi ya zo, zai ɗura wa matar da ake yi wa ƙarin ruwa. Sai da ma'aikata suka ƙwace.

A rana ta uku bayan la'asar ta buɗe ido. Magdalena na gefe ɗaya, shi yana ɗaya gefen. Idon nan garau, kamar ba ita ba ce ta yi kwana tara a daji. Ta daɗe tana kallonsa. Shi kuwa ya shirya. Ya san za ta ce shi ya jawo mata, ya kuma tanadi amsa, yadda ya tanadar wa liman, ya tanadar wa likita.

Ta ce, "Auta, ka rame. Hauwa'u ba ta ba ka abinci ne?"

 Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Kafin a kira magariba ta cika.

Da safe aka aika wa telan unguwa cewa Halima Sadiya ta rasu. Tela ya yanka likkafani daidai matar da ya sani. Masu wanka suka gama, suka turo da kusan rabin yadin waje, suka ce ba a buƙatarsa. Mutumin namu yana zaune a ƙofar gida ya ga an wuce da ragowar farin yadin ta gabansa, ya sunkuyar da kai.

Aka yi salla. Mutum huɗu suka sunkuya za su ɗauki makara, shi yana gaba ta hannun dama. Dukansu 'yan unguwa ne, dukansu sun san ta, saboda haka kowa ya tattara ƙarfi ya yi bismilla. Makarar nan ta yi sama a hannunsu har ta kusa kuɓucewa. Aka kalli juna.

Kun san yadda muke yi, in an ɗan taɓa tafiya wani ya karɓi wani don kowa ya samu lada. Duk wanda ya zo zai karɓe shi sai ya ƙi saki. Yana tafiya yana ɗaga kafaɗa yana neman nauyin, babu. Matar da ta goya shi a bayanta har ya yi wayo, yau yana ɗauke da ita bai ji komai a kafaɗarsa ba. Daf da ƙofar maƙabarta sai ya sake ta. Wasu suka tare makarar, shi kuma ya zube a taɓo yana kururuwa, "Jama'a, ba ta da nauyi! Yaya ba ta da nauyi! Ni ne! Wallahi ni ne!"

Babu wanda ya kama shi, babu wanda ya ƙona masa zaure. Mutane dai suka daina zuwa. Hauwa'u ta jira aka share makoki ta tafi gidansu, har yau ba ta dawo ba. Yana nan da rai. In an ajiye masa abinci ya kai loma ɗaya, ta biyu ba ta wucewa, sai ya ture kwanon ya juya fuska bango. Waɗanda suka shiga suka gan shi sun ce yanzu sai an riƙe shi yake miƙewa.

To, ya 'yan uwa, me ya halaka mutumin nan? Ba za'afaran ba ne. Za'afaran fure ne, halittar Allah, bai ce wa kowa ya zubar da maganinsa ba. Girman kai ne, da magana ba tare da sani ba. Malamai sun karantar da mu cewa wanda ya tsoma hannu a aikin magani ba shi da iliminsa, alhakin abin da ya biyo baya a wuyansa yake. Sau nawa aka tare shi? Maƙwabciya ta tare shi, liman ya tare shi, matarsa ta tare shi, mara lafiyar da kanta ta durƙusa ta roƙe shi. Kowane lokaci abin da ake nema a wajensa bai wuce ya ce na yi kuskure ba. Ya gwammace yayarsa ta zube da ya furta wannan.

Kada kuma mu nuna shi da yatsa mu tafi gida mu ci abinci. Ke mai tambayar rannan, da ke mai ɗaukar hoto a ɓoye, da ku masu dariya a benci, kun san abin da ke cikin jikin baiwar Allah kafin ku mayar da ita abin nishaɗi? Kai da ke tura wa mutane bidiyon magani ba ka san kansa ba ka san gindinsa ba, in wani ya ajiye maganin hawan jininsa saboda saƙonka, me za ka ce ranar da za a tambaye ka? Kai kuma da ke ɓoye ɗan uwanka a ɗaki don kada a ce a gidanku akwai mai shan maganin ƙwaƙwalwa, wa kake jin kunya, mutane ko Ubangijin mutane? Ciwon damuwa ciwo ne kamar zazzaɓi. Ana yi masa addu'a, ana kuma kai shi wajen masana. In kana son shayinka ka sha, amma ka tambayi likitanka, kuma ka cire hannunka daga robar maganin wani.

Wanda maganar nan ta yi wa zafi, ina nan, ya same ni. Ba zan janye ko kalma ɗaya ba. Ni na ga makarar nan ta yi sama da idona.

Ya Allah, ka jiƙan Halima Sadiya, ka haskaka kabarinta, ka sanya wahalar da ta sha ta zama kaffara. Ka saka wa waɗanda suka neme ta da waɗanda suka tsince ta da alheri. Shi ma, ya Allah, in ya tuba ka karɓa. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka ba mu harshen da zai iya cewa ban sani ba. Allah ya kiyaye mu daga ilimin da bai kai ba da zuciyar da ba ta saukowa, ya kiyaye na hannunmu daga sharrin kanmu. Amin.